Mari Ba Hujja Ba Ne



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu bin wannan zaure, yau na ajiye darasin ƙabli da ba'adi da muka faro, saboda wani abu da ya same ni a ƙofar masallaci, wanda na tabbata ba a unguwarmu kaɗai yake faruwa ba.

Wani dattijo, mutumin kirki da ba a rasa shi a sahun gaba, ya tare ni bayan sallar Asuba idonsa jajur. Ɗansa da ke karatu a Yamai ya zo hutu. Suna cin tuwon dare sai yaron ya ce: "Baba, in kowane abu yana da wanda ya yi shi, to Allah wa ya yi Shi?" Bai rufe baki ba ya ƙara da cewa ya ga wani bidiyo ana cewa Alƙur'ani ba ɗaya ba ne, na Warshu dabam, na Hafsu dabam, kuma wai sai da aka yi shekara 200 da wafatin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, aka harhaɗa shi. Uban ya kwaɗa masa mari, ya ƙwace wayar, ya ce kada ya sake taka masa gida sai ya tuba. Ya zo wurina ne in yi wa yaron addu'a, don a ganinsa sammu aka yi masa.

Na ce masa, kuma ina maimaita muku: Alhaji, mari ba hujja ba ne. Ka raba shi da waya, ba ka raba shi da tambayar ba. Yanzu yana kwana a ɗakin abokai, kuma abin da zuciyarsa ke raya masa shi ne, da Baba yana da amsa da bai ɗaga hannu ba. Mai bidiyon nan bai taɓa fatan samun shaidar da ta kai wannan ƙarfi ba, kuma mu muka ba shi ita kyauta.

Na san abin da wasunku za su ce. Za su kawo hadisin Buhari da Muslim wanda ya bayyana cewa Shaiɗan yana jan mutum daga tambaya zuwa tambaya har ya kai shi ga tambayar wanda ya halicci Ubangijinsa, aka kuma umurci wanda ya kai nan da ya nemi tsari ya tsaya. Hadisin ingantacce ne, a kansa muke. Amma ku duba yadda malamanmu suka fahimce shi. Imamul Maziri, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 536 bayan Hijira, ya raba abin gida biyu, Imamun Nawawi kuma ya ɗauko wannan bayani a sharhinsa na Muslim. Akwai waswasi mai giftawa, wanda ba shi da tushe; maganinsa kau da kai. Akwai kuma tunanin da wata shubuha ta shuka har ya zauna a zuciya. Wannan ba ya fita sai da dalili da nazari. Yaron da ya kwana yana sauraron wanda ya jera masa hujjoji na ƙarya yana cikin gida na biyu. Ka ce masa ya yi shiru kawai, kamar ka ɗaure gyambo ne da tsumma ba ka wanke shi ba.

Kuma wa ya gaya muku tambaya ridda ce? Sahabbai sun zo suna kukan abin da ke faɗo musu a rai, wanda suke jin nauyin furta shi, Annabi bai kore su ba, ya nuna musu cewa wannan jin nauyin alamar imani ne. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 505, ya ba da labarin kansa cewa ya yi kusan wata biyu cikin ciwon shakka kafin Allah Ya yaye masa. Da a gidajenmu aka haife shi, ina tsoron da ba mu sami Ihya'u ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, amsar tambayar farko tana cikin gafakar kakanninmu. Ummul Barahin ta Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, mutumin Tilimsan da ya rasu a 895, ƴar ƙaramar risala ce da aka daɗe ana biya ta a zaurukan ƙasar nan. Da ita ake buɗe wa ɗalibi hukunce-hukuncen hankali uku: wajibi, wanda hankali ba ya karɓar rashinsa, mustahili, wanda hankali ba ya karɓar samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. Yau ka tambayi limamai goma su bayyana waɗannan ukun da Hausa, ka ga nawa za su kai ƙarshe. Mun ƙware wajen jayayya a kan saki da ƙabalu, mun bar tushen da komai ke tsaye a kansa.

To ga amsar, ku riƙe ta, ku kai gida. Ba mu taɓa cewa kowane samamme yana da mai yinsa ba. Abin da muka ce shi ne, kowane fararre, wato abin da babu shi sannan ya samu, yana bukatar wanda ya samar da shi. Yaron ya ɗauko ƙa'idar a karkace tun daga bakin mai bidiyo. Ku ɗauki misali daga kasuwa. Ka nemi rancen jikka goma wurin maƙwabcinka, ya ce ba shi da ita sai ya ranto wurin wani, wancan ma ya ce sai ya ranto, haka har ba iyaka. In babu mutum ɗaya a jerin nan da kuɗin yake nasa na kansa, kuɗi zai taɓa isowa hannunka? Ba zai iso ba har abada. To ga shi kuɗin yana hannunka: ga ka, ga ƙasa, ga rana. Dole akwai wanda samuwa tasa ce, ba aro ba. Wannan jerin marar farko shi malamai ke kira tasalsuli. In kuwa aka ce na farko ya ranta wurin na ƙarshe, wannan shi ne dauru, kuma shi ma wofi ne, don babu wanda zai haifi ubansa. Wanda ya tambayi mahaliccin Wanda ba shi da farko, daidai yake da mai tambayar sunan matar tuzuru. In yana da mata ba tuzuru ba ne, in an halicce shi ba Allah ba ne.

Yaro mai kaifi zai ce, to me ya hana duniyar ita ce marar farko? Wannan ma ba sabuwar magana ba ce, Dahriyya sun faɗe ta tun da daɗewa. Amsar malamanmu ita ce, jikkuna ba sa rabuwa da motsi da tsayuwa da sauyawa daga hali zuwa hali, kowane hali kuwa fararre ne, abin da ba ya rabuwa da fararru shi ma fararre ne. Masana taurari na zamani su ma suna cewa wannan halitta tana da mafari, suna ƙiyasta shi da shekara miliyar 13 da ɗoriya. Ina ambaton wannan don yaron ya ji daga bakin waɗanda yake girmamawa, amma ba na ɗora aƙidata a kansa, don lissafinsu yana iya sauyawa gobe. Ku buɗe Suratuɗ Ɗuri ku karanta aya ta 35 da ta 36. Jubairu ɗan Muɗ'imu ya ji Annabi yana karanta su a sallar Magariba, lokacin yana mushiriki, ya zo Madina kan maganar fursunonin Badar, ya ce zuciyarsa ta kusa tashi. Hujja ce ta hankali ta girgiza shi, ba bulala ba.

Maganar Warshu da Hafsu kuwa, da ba don abin baƙin ciki ba ne da dariya za ta ba ni. Mai bidiyo yana kawo ta kamar asirin da aka ɓoye, alhali gardin da ke tsangaya a Damagaram ya san ta. Warshu ya karɓa daga Nafi'u na Madina, Hafsu daga Asimu na Kufa, dukansu suna komawa ga sahabbai da isnadi, kuma dukansu suna tafiya a kan rubutun mushafin Usmanu. Bambancin ja ne da wasali da ɗigo da makamantansu, a ƙidaye yake, a rubuce, ana haddace shi baiti-baiti a Shaɗibiyya. Ibnu Mujahid, wanda ya rasu a 324, ya tattara ƙira'o'i bakwai a littafi guda. Har abin da aka ruwaito na mushafin Ibnu Mas'udu da na Ubayyu, Ibnu Abi Dawuda ya rubuta shi a Kitabul Masahif, Suyuɗi ya tattauna shi a Itƙan. Babu wanda ya ɓoye komai. Mu ne muka daina karantarwa, sai ɗanmu ya fara jin abin daga bakin maƙiyi, ya ɗauka an yaudare shi.

Zancen shekara 200 yana da asali, ya kamata ku san shi. Wani malamin jami'a a Landan, John Wansbrough, ya fitar da littafi a 1977 yana raya cewa Alƙur'ani bai daidaita a sifarsa ba sai wajen ƙarshen ƙarni na biyu na Hijira. Amma duwatsu da fatu sun ƙaryata shi. Ƙubbatus Sakhra da Abdulmaliki ɗan Marwanu ya gina a Ƙudus tana ɗauke da ayoyi a bangonta da tarihin shekara ta 72. A 2015 jami'ar Birmingham ta Ingila ta sanar da cewa wasu warƙoƙi biyu da ke ajiye wurinta, masu ɗauke da sassan Kahfi da Maryamu da Ɗaha, an auna fatarsu a Oxford aka samu dabbar ta mutu tsakanin 568 da 645 na Miladiyya. Annabi ya yi wafati a 632. Gaskiya ita ce awon na fata ne ba na tawada ba, ku faɗa wa yaron haka da kanku kafin wani ya faɗa masa, amma irin rubutun da ke kanta shi ma na ƙarni na farko ne. Masu binciken Turai da yawa sun bar ra'ayin Wansbrough, sai a wayoyin ƴaƴanmu yake yawo kamar sabon labari.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce tsohuwar da ke jan tasbaha ba ta san tasalsuli ba imaninta yana da tawaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta yau, ya yi raddi mai yawa a kan ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya jera dalilan ilmul kalami ba, kuma gaskiya tana tare da shi. Abin da nake cewa shi ne, samun wanda zai iya warware shubuha a kowane gari farilla ce ta kifaya. In aka rasa shi, laifin yana wuyanmu duka, mu masu rawani kafin kowa.

Ba daga kan tudu nake muku magana ba. Shekaru kusan ashirin da suka wuce wani ɗalibina ya tambaye ni, in Allah Ya riga Ya rubuta komai, don me za a hukunta bawa. Na daka masa tsawa a gaban ƴan'uwansa, don a ranar ban shirya amsar ba kuma na ji kunyar in ce sai na duba. Bai sake zuwa darasi ba. Mun haɗu a tasha bayan shekaru, ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, aka kira sallar Azahar, na ga bai tashi ba. Har yau ina sa shi a addu'a.

Saboda haka daga Asabar mai zuwa, tsakanin Magariba da Isha'i, za mu buɗe Ummul Barahin daga farkonta, da Hausa, kuma zan riƙa sa muryar darasin a nan saboda na nesa. Wanda yake jin nauyin tambaya a bainar jama'a ya rubuta ta a takarda ba suna, ya ba ladan. Alhaji kuwa mun yi da shi zai mayar wa yaron wayarsa, ya je da kansa ya taho da shi gida, su zo tare.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.