Tsibirin Bali: Arzikin baƙi da ɗawainiyarsu

Tun daga ranar 14 ga watan Fabrairun 2024, an wajabta wa duk ɗan yawon buɗe ido da ya shiga tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya daga ƙasar waje ya biya harajin rupiya dubu 150, wato kimanin dalar Amurka 10. Hukumomin lardin sun ce za a yi amfani da kuɗin ne wajen kare al'adu da muhalli. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba ga wanda ya biya kuɗin jirgi daga Turai ko Ostareliya, amma sanya harajin ya nuna cewa mahukunta sun amince abin da ke jawo baƙin ya fara jin jiki.

Bali dai ya bambanta da sauran sassan Indunusiya, ƙasar da galibin jama'arta Musulmi ne. Daga cikin mazauna tsibirin fiye da miliyan 4, kusan kashi 87 cikin ɗari mabiya addinin Hindu ne, Musulmi kuma kimanin kashi 10. Baƙi kan je ne domin rairayin bakin teku na Kuta, da gonakin shinkafa na yankin Ubud, da kuma wuraren bauta irin su Tanah Lot, wanda ke bisa wani dutse a cikin teku, ba a isa gare shi sai ruwa ya janye.

Sau biyu mutanen tsibirin suna ganin abin da rashin baƙi ke haifarwa. A ranar 12 ga watan Oktoban 2002 hare-haren bam a Kuta sun hallaka mutane 202, ciki har da 'yan Ostareliya 88, otal-otal suka koma wayam. Daga baya kuma annobar korona ta zo: baƙi 'yan ƙasar waje sun haura miliyan 6 a 2019, amma a 2021 waɗanda suka sauka kai tsaye a tsibirin ba su kai ɗari ba. Tattalin arzikin lardin ya ja baya da fiye da kashi 9 cikin ɗari a 2020. A 2024 adadin baƙin ya sake haura miliyan 6.

To amma inda gizo ke saƙar shi ne batun ƙasa da ruwa. Manoman Bali na da wani daɗaɗɗen tsarin ban ruwa da ake kira subak, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihi na duniya a 2012. A ƙarƙashinsa manoma ne ke haɗuwa a wurin bautarsu su tsai da lokacin shuka da yadda za a raba ruwa, daga gonakin tudu zuwa na gangare. Idan manomi ɗaya ya sayar da gonarsa aka gina masaukin baƙi, sau da yawa magudanar da ke bi ta wurin kan toshe, maƙwabcinsa na ƙasa ya rasa ruwa, shi ma ya fara tunanin sayarwa. Su kuwa otal-otal rijiyoyin burtsatse suke haƙawa domin cika tafkunan ninkaya, abin da ke sa rijiyoyin jama'a ƙafewa a kudancin tsibirin. Harajin dala 10 ba zai mai da gonar da aka zuba wa siminti ba.

Akwai kuma batun ladabi. Bayan da aka kori wasu baƙi saboda ɗaukar hoto tsirara a wuraren da jama'a ke girmamawa, gwamna Wayan Koster ya fitar da ƙa'idoji a 2023, waɗanda suka haɗa da sanya sutura ta kamala kafin shiga wuraren bauta.

Rana ɗaya ce a shekara tsibirin ba ya sassauta wa baƙo, wato ranar Nyepi, sabuwar shekarar mutanen Bali. A ranar akan rufe filin jirgin sama na Ngurah Rai tsawon sa'o'i 24, ba fita titi, ba kunna fitila a fili, baƙi ma dole su zauna a masaukansu. A 2023 da 2024 ranar ta zo daidai da daren fara sallar tarawihi, inda shugabannin addinai suka daidaita cewa Musulmi su yi salla a gida ko su taka da ƙafa zuwa masallaci mafi kusa, ba tare da lasifika ba.

Shi kansa harajin bai samu irin wannan biyayya ba, domin kimanin kashi ɗaya cikin uku na baƙin ne kawai suka biya a 2024. Gwamnatin tarayya a Jakarta kuwa ƙarin baƙi take nema. A watan Nuwamban 2024 shugaba Prabowo Subianto ya yi alkawarin gina filin jirgin sama na biyu a arewacin tsibirin, yankin da har yanzu noma ke da ƙarfi.