Annobar "Bayanai"

A zangon karatun da ya gabata na ba ɗalibaina wata gajeriyar takardar ofis su fassara, irin wadda ake liƙawa a allon sanarwa na tsangaya. Takardar ta ƙare da jimlar nan da kowane ma'aikacin gwamnati ya haddace: "This is for your information and necessary action." Fiye da rabinsu suka rubuta mini "wannan domin bayaninka ne". Domin bayaninka! Na ajiye alƙalami na yi tagumi. A wane gari ake wannan Hausar? Abin da takardar ke nufi bai wuce "ana sanar da kai, sai ka yi abin da ya kamata" ba, kuma kowane ɗayansu zai iya faɗin haka da bakinsa in da ba alƙalami ne a hannunsa ba.

Ban ga laifin yaran ba sosai, domin abin da suka tashi suna ji ke nan. Kunna rediyo, ko ka buɗe shafukan Hausa na intanet: "bayanai sun nuna", "bayanan da ke iso mana", "muna tattara bayanai". Duk inda Bature ya ce "information", sai mai fassararmu ya ce "bayanai", kamar wanda aka ɗaura wa aure da kalmar. Ni kuwa ina ganin wannan ɗabi'a ta wuce kasala, ɓarna ce, kuma zan faɗi dalili.

Mu fara da kalmar a gidansu. A Turancin yau da kullum "information" buhu ce, kowa da abin da yake zubawa a ciki. A filin jirgin sama "information desk" wurin tambaya ne kawai. A kan takardar ofis "for your information" sanarwa ce marar ɗaci, amma in mutum ya faɗa maka ita baki da baki, yana ɗaga gira, to baƙar magana ce, daidai da "in ba ka sani ba, yau ka sani". In ka shiga ba abokanka labarin ciwon cikinka dalla-dalla a kan abinci, wani ya ce "too much information", cewa yake ka rufa wa kanka asiri. "Inside information" sirrin cikin gida ne. In 'yan sanda suka ce sun yi kame "acting on information received", tsegunta musu aka yi, ba sa kuma son faɗin wanda ya tsegunta. A kotunan majistare na Arewa, tun daga dokar tsarin shari'ar laifuka ta 1960, takardar da 'yan sanda ke gurfanar da mutum da ita sunanta "First Information Report", wato tuhuma. Tambaya, sanarwa, gatse, sirri, tsegumi, tuhuma: ta yaya kalmar Hausa guda za ta ɗauki wannan kaya duka?

Akwai kuma wani abu a nahawun kalmar wanda ya fi damuna. A Turanci ba a ƙirga ta. Ba ta da jam'i, shi ya sa malamin Turanci ke ja wa ɗalibi jan layi in ya rubuta "informations", ko da yake maƙwabtanmu na Nijar sun saba da jam'in a Faransanci, inda yake nufin labaran rediyo da talabijin. Bature yana ɗaukar ta kamar ruwa ko yashi, abin da ake ɗiba, ba abin da wani ya faɗa ba. Ruwa kuwa ba a tambayar wanda ya haife shi. Saboda haka ɗan jarida ke iya rubuta "information reaching us" ya wuce abinsa, ba wanda zai tare shi ya ce, daga bakin wa? Ko a fagen kimiyya haka take. A 1948 masanin lissafin nan na Amurka, Claude Shannon, ya fito da hanyar auna "information", wadda ta zama ginshiƙin sadarwar kwamfuta, kuma da gangan ya fitar da ma'ana daga lissafinsa. Wayar da ke ɗauke da saƙo ba ruwanta da gaskiya ne ko ƙarya. Gwamnatoci ma sun daɗe da gane amfanin wannan lulluɓi. Ma'aikatar da Ingila ta ɗora wa aikin farfaganda da tace labarai a Yaƙin Duniya na Biyu sunanta "Ministry of Information", kuma ginin da ta zauna a Landan ne George Orwell ya hango sa'ad da ya siffanta Ma'aikatar Gaskiya, mai sana'ar ƙarya, a littafinsa na 1949.

Hausa ba ta yarda da wannan lulluɓi ba. Bahaushe yana da labari, da sanarwa, da rahoto, da jita-jita, da ƙishin-ƙishin, da raɗe-raɗi, da tsegumi, da gulma, kowace da matsayinta. Yana da "in ji wane" don ya rataya magana a wuyan mai ita, yana da "wai" don ya wanke hannunsa daga abin da bai gani ba. Ita kuwa "bayani" kalma ce mai rawani: warware magana ne daga bakin wanda ya san ta, har ta bayyana. Malami ke bayani, likita ke bayani, shaida ke bayani gaban alƙali. To idan gidan rediyo ya tsinci jita-jitar tasha ya ce "bayanai sun nuna", ya naɗa wa gulma rawani ke nan, mai sauraro kuma ya tashi ya gaishe ta. Magabatan da suka fassara sunan tamu ma'aikatar da "Ma'aikatar Watsa Labarai" sun fi mu hankali, domin labari yana iya zama gaskiya, yana iya zama na ƙanzon kurege, mai ji ya san zai tace.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce: harshe rayayye ne, aro ba laifi ba ne, ai "labari" da "bayani" kansu daga Larabci suka zo, "rahoto" kuma daga Turanci. Na yarda. Ban ma ƙi a kira abin da kwamfuta ke adanawa "bayanai" ba, tun da can babu mai faɗa. Amma aron da kakanninmu suka yi ƙari ne, sun ɗauko kalma sun ba ta gurbi kusa da 'yan'uwanta. Wannan na yanzu ragi ne, kalma guda ta zauna ta cinye gurbin takwas.

Wanda yake ganin wannan gardamar malaman jami'a ce kawai, ga abin da ya faru a ofishina. Wani ɗalibi mai shirin tafiya wani ƙauye a Arewa maso yamma don tattaro tatsuniyoyi ya kawo mini wasiƙar da zai kai wa mai gari. A littattafan bincike ya karanta cewa dattijon da ake ɗaukar magana daga bakinsa sunansa "informant". Bai san Turanci ya raba wannan da "informer", mai kai rahoton mutane a ɓoye, ba. Sai ya rubuta cewa yana roƙon a haɗa shi da "infoma" biyar. A ƙauyukan Zamfara da Katsina kuwa, infoma shi ne wanda ke tsegunta wa 'yan bindiga gidan da ke da shanu da ranar da mai gida zai dawo daga kasuwa. Ana kashe mutum a kan wannan suna. Na sa shi ya yage wasiƙar a gabana, muka sake rubuta ta, ya roƙi mai gari ya haɗa shi da tsofaffi biyar masu tatsuniya.