Hasashen Wasan Ƙwallo: Ba a San Maci Tuwo Ba Sai Miya Ta Ƙare

Duk lokacin da wani babban wasan ƙwallon ƙafa ya gabato, kowa sai ya zama masani. A aji, a tashar mota, a teburin mai shayi, har a gidan kallon ƙwallo, ba abin da kake ji sai gardama. Wannan ya ce, "Biyu da nema za mu ci su." Wancan ya ce, "Ai ko ƙwallo ɗaya ba za su saka a ragarmu ba." Wannan faɗin abin da zai faru tun kafin ya faru, shi ake kira hasashe. Gardamar takan fi zafi idan wasan na abokan hamayya ne, balle kuma a ce na fitar da gwani ne, wanda duk aka ci ya yi waje.

A ra'ayina, hasashe abu ne mai kyau, domin yana wasa ƙwaƙwalwa, yana kuma ƙara wa kallo armashi. Amma yana da sharuɗɗa biyu. Na farko, a gina shi a kan hujja. Na biyu, mai yin sa ya san cewa zato yake yi, ba alkawari aka yi masa ba. Wasan da Nijeriya ta yi da Gana a shekarar 2022 ya isa ya nuna mana dalili.

Hamayyar ƙasashen nan biyu ta daɗe. Tun kafin su sami 'yancin kai suke karawa, har a shekarar 1955 Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, ta ci Nijeriya bakwai da nema. Gana ta ɗauki Kofin Nahiyar Afirka sau huɗu, a 1963 da 1965 da 1978 da 1982. Nijeriya kuwa ta ɗauka sau uku, a 1980 da 1994 da 2013. Hatta a kan wanda ya fi iya shinkafa dafa-duka, mutanen ƙasashen biyu ba su daina gardama ba. Saboda haka, da aka ce su ne za su kara a wasan cike gurbin shiga Gasar Cin Kofin Duniya ta Katar, kowa ya san za a sha kallo.

Yawancin masu hasashe a Nijeriya sun ce Super Eagles ce za ta wuce, kuma suna da hujjojinsu. A watan Janairu na shekarar, an yi Gasar Kofin Afirka a Kamaru. A can Nijeriya ta ci duk wasanninta uku na rukuni: ta doke Masar da Sudan da Gini Bisau, kafin Tunisiya ta fitar da ita a zagaye na biyu. Ita kuwa Gana ko wasa ɗaya ba ta ci ba. Ƙaramar ƙasar Komoros ma ta doke ta da ci uku da biyu, har aka kori mai horar da 'yan wasanta, aka naɗa Otto Addo. Bugu da ƙari, kyaftin ɗinta André Ayew ya sami jan kati a wancan wasa, don haka bai buga karawar da Nijeriya ba. Nijeriya kuwa tana da Victor Osimhen, wanda a lokacin yake tashe a ƙungiyar Napoli ta Italiya. Wa zai ga laifin wanda ya ce Nijeriya za ta ci?

An yi wasan farko a filin Baba Yara da ke Kumasi ranar 25 ga Maris, aka tashi babu ci. Magoya bayan Nijeriya da yawa suka yi murna, suna cewa ai saura a zo gida a gama aiki. A nan ne hasashensu ya yi tuntuɓe, domin sun manta da wata doka. Dokar ta ce idan aka haɗa sakamakon wasanni biyu aka yi kunnen doki, to, wadda ta fi cin ƙwallo a gidan abokiyar karawarta ita ce ta wuce. Nijeriya ba ta ci ko ɗaya a Kumasi ba. Ke nan idan aka tashi ɗaya da ɗaya, ko biyu da biyu a Abuja, Gana ce za ta wuce. Nijeriya tana bukatar nasara, Gana kuwa kunnen doki mai ƙwallaye ma ya ishe ta.

Haka kuwa aka yi. Ranar 29 ga Maris, a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, Thomas Partey ya buga ƙwallo daga nesa tun a farkon wasa, ta suɓuce wa mai tsaron gida Francis Uzoho, ta faɗa raga. Ba da jimawa ba William Troost-Ekong ya farke da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Osimhen ya saka wata ƙwallon, amma aka soke ta saboda satar gida. Daga nan 'yan Gana suka tare gidansu, har alƙalin wasa ya busa tashi. Aka tashi ɗaya da ɗaya. Ba a ci Nijeriya ko sau ɗaya a wasannin biyu ba, amma Gana ce ta tafi Katar. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Wani zai ce, ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, don haka ƙungiyar da ta fi ƙarfi ita ya kamata a zaɓa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ta fi dacewa da gasar lig. A lig, ƙungiya takan buga wasa fiye da talatin a kaka ɗaya. Idan ta faɗi yau, gobe ta tashi, a ƙarshe mai ƙarfi ya fito fili. Wasan fitar da gwani kuwa ba ya ba da wannan dama. Ƙwallayen da ake ci a wasa ɗaya ba su da yawa, saboda haka kuskure ɗaya na mai tsaron gida, ko jan kati ɗaya, ko hukunci ɗaya na alƙali, yana iya rushe shirin shekara huɗu. Sa'annan idan abokan hamayya ne, wanda aka raina yakan shigo fili da zuciya biyu, domin ba shi da abin asara. Wanda kowa ya ce shi zai ci kuwa, nauyin tsammanin jama'a yana kansa.

Kada a ɗauka Nijeriya ce kullum abin ke faɗa wa. A Wasannin Olamfik na Atlanta a shekarar 1996, Barazil ta ci Nijeriya ɗaya da nema a rukuni. Da suka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe, Barazil ta kai ga ci uku da ɗaya. Amma Nijeriya ta farke, Nwankwo Kanu ya ci ƙwallo biyu na ƙarshe, aka tashi huɗu da uku. Ranar nan masu hasashen duniya ne suka ji kunya, mu kuwa muka kwana muna murna. Haka kuma a watan Fabrairu na 2024, Kwaddibuwa, wadda Nijeriya ta doke a rukuni, ta zo ta ci Nijeriya biyu da ɗaya a wasan ƙarshe na Kofin Afirka. Abin da ya faru jiya yana haska hanya, amma ba shi ke buga wasan yau ba.

Me ya sa wannan batu ya shafe mu? Domin hasashen da aka ɗauka tamkar alkawari yana da illa. Illa ta farko ita ce fushi. Bayan wasan Abuja, wasu 'yan kallo sun kutsa cikin fili sun farfasa kayayyaki. Hukumar FIFA ta ci tarar Nijeriya, ta kuma ce a buga wasa ɗaya ba tare da 'yan kallo ba. Wanda ya shiga fili da sanin cewa ana iya ci, ana iya cinye shi, da wuya ya ɗauki kujera ya jefa.

Illa ta biyu ita ce caca. Yau a wayar hannu matasa ke zuba kuɗi a kan sakamakon wasanni, wasu har da kuɗin makaranta. Bari mu yi ɗan lissafi. A ce kai gwani ne, cikin kowane hasashe goma kana dacewa a bakwai. Idan ka haɗa wasanni goma a takarda ɗaya, kana neman ka dace a dukkansu, to, damarka ba ta kai uku cikin ɗari ba. Masu kamfanonin caca sun san wannan lissafi sarai, da shi suke cin riba.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, in za ka yi hasashe, yi shi irin na masu ilimi. Duba wasannin da kowace ƙungiya ta buga kwanan nan. Bincika wa ya ji rauni, wa aka dakatar. San inda za a yi wasan, ka kuma karanta dokar gasar. Ajiye son zuciya a gefe, ka tambayi kanka, "Da ba ƙasata ba ce, haka zan ce?" Sa'annan ka yi amfani da kalmomin da suka dace, kamar "ina ganin", da "wataƙila", da "mai yiwuwa ne". Idan ka dace, ka yi murna ba tare da gori ba. Idan ba ka dace ba, ka miƙa wa abokin gardamarka hannu, ka koma ka duba abin da ka manta. Da a ce ana sanin wanda zai ci tun kafin a take wasa, da ba wanda zai sayi tikiti ya je kallo.

Ma'anar Kalmomi

hasashe: faɗin abin da ake zaton zai faru
hamayya: gasa mai zafi tsakanin ɓangarori biyu
kunnen doki: tashi wasa ba wanda ya fi wani
biyu da nema: ci biyu, ɗaya ɓangaren bai ci ko ɗaya ba
farke: rama ƙwallon da aka ci
armashi: daɗi da ƙayatarwa

Tambayoyi

1. Waɗanne sharuɗɗa biyu marubuci ya gindaya wa hasashe?
2. Kawo hujjoji uku da suka sa aka zaci Nijeriya za ta doke Gana.
3. Me ya sa Gana ta wuce, alhali ba ta ci Nijeriya ba?
4. Mene ne bambancin gasar lig da wasan fitar da gwani?
5. Bayyana ma'anar karin maganar da ke cikin kan wannan rubutu.
6. Rubuta jimloli biyar na hasashen wani wasa da ke tafe, ka yi amfani da "wataƙila" da "ina ganin".