Masu Raina Yawon Dawa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a birnin Daura da garuruwan da ke kewaye da shi. In aka ga mutum ya ɗauki sandarsa da la'asar ya nufi bayan gari, ba gona za shi ba, ba kasuwa ba, ba kuwa cigiyar akuya yake yi ba, sai a ce, "Wane dai ya rasa aikin yi." Wani ya ce, "Me ya ajiye a dawa? Wannan ai ɗabi'ar Nasara ce." Har akan sami mai tausayi ya koma gefe yana raɗa, wai ko a nema masa rubutu ya sha. Masu faɗin haka sun yi kuskure, ƙasar Daura kuwa tana ɗanɗana kuɗar kuskurensu.

A fara da zancen Nasara. Yaushe Bature ya koya wa Bahaushe tafiya a ƙasa? Fataken da suka riƙa kai da kawowa tsakanin Daura da Kano da Damagaram da ƙafa suka yi. Almajirai da ƙafa suka tafi gabas neman karatu, alhazan dā ma da ƙafa suka kai Makka. Mutanen nan sun san dawa kamar yadda mutum ya san tsakar gidansa, da itatuwa suke gane zango da mashaya. Shi ya sa garuruwa da unguwanni da yawa a ƙasar Hausa suke amsa sunan Kanya, ko Tsamiya, ko Magarya. Abin da ya zo daga baya shi ne mota da babur, da ƙyamar ƙura.

To, me mai yawon dawa ke gani? Bari a bi shekara. Da bazara, sa'ad da zafi ya kai matuƙa, zai ga shamuwa ta sauka bisa kuka ko tsamiya, ya san damina ta ƙarato, tun ba a faɗa a rediyo ba. In ruwa ya zauna, jigawar da ta yi fari fat sai ta yi shar, harƙiya da ƙyasuwa su tashi, tafkuna su cika, balbela ta bi shanu a burtali. A lokacin nan ne zai lura da abin mamakin gawo. Duk itatuwa suna ado da ganye, shi kuwa ya kakkaɓe nasa ya tsaya tsirara, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuwa taki ne. In rani ya yi, kowa ya bushe, sa'an nan gawo zai yi kore, ya ba dabba inuwa, ya zubo mata 'ya'ya ta ci. Wanda ya tsaya ya dubi zangarniyar da ke gindin gawo, ya gwada ta da ta fili, ba ya bukatar malamin gona ya yi masa wa'azi. Da kaka ga gamba ta isa yanka don zana, da hunturu ga magarya da aduwa da kanya da goruba, abincin yara makiyaya. Ko tumfafiya da ake rainawa tana da labarin da take bayarwa, gama inda ta yi yawa, alama ce ƙasar wurin ta gaji.

Amma babban amfanin yawon nan ɗaya ne: mai zagayawa shi ke gane abin da ya ɓace. Mai zuwa itace yana zuwa dawa kullum, gaskiya ne, sai dai da idon gatari yake dubansa. Mai mota kuwa ya wuce fuu, daga Daura zuwa Mai'aduwa bai ga kome ba sai kwalta. A tsakanin su biyu aka sare ƙirya da marke aka ƙone gawayi, aka cinye burtali da garma, ba wanda ya ƙirga. Gauraka da dā ke kuka a fadamu yanzu da wuya a gan shi ko'ina a Nijeriya. Ungulu ma, wadda dā sai an kore ta a mahauta, ta zama abin nema. Ba rana ɗaya suka tafi ba. Kaɗan kaɗan suka ragu, mutane suna zaune a inuwa suna yi wa mai sanda dariya.

Ba a ce gwamnati ba ta yi kome ba. Bayan farin 1973 da na 1984 an dasa jerin itatuwa don tare iska a arewacin Katsina, a 2007 kuma ƙasashen Afirka suka amince da shirin kafa koren shinge tun daga Sanagal har Jibuti, Jihar Katsina tana cikinsa. Amma itacen da aka dasa ran biki, aka ɗauki hoto aka watse, wa zai koma ya ga ko akuya ta cinye shi? Sai a ƙetare iyaka ta Kwangwalam ko ta Babban Mutum a ga abin da maƙwabta suka yi. A ƙasar Matamaye da Magarya da Mirya, da kuma wajen Maraɗi, tun wajen 1985 manoma suka shiga barin tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, suna yi masa sassabe mai kyau, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu su bari ya girma. Masana sun ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya ta kai hekta miliyan 5, watau fiye da eka miliyan 12. Yawancinsa ba dashe ba ne. Ido ne, da sanin wane toho ne gawo, wane ne kalgo, wane ne sabara. Ƙasarsu kuwa ba ta fi ta Zango da Ɓaure samun ruwan sama ba, harshe ɗaya, gero ɗaya.

Akwai kuma waɗansu da suka karɓi yawon shan iska, amma suka juya shi. Ran hutu su cika mota su tafi bakin dam, Daberam ko Sabke, su kunna kiɗa har tsuntsun da ke wurin ya tashi, su ci su sha, su bar wa shanun Fulani leda su haɗiya. Su dawo ba su san sunan itacen da suka zauna a gindinsa ba. Waɗannan da masu zaman gida duk kanwar ja ce.

Mai gardama zai ce, "Ana zaman ɗar-ɗar, ka ce a shiga dawa?" Wannan magana tana da nauyi. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mai da Dajin Rugu a yammacin jihar, da irin hawayen da mutanen Batsari da Safana suka zubar. Ba mai hankalin da zai tura ɗan wani inda ake tsoro. Amma bayan garin mutum, mil biyu ko uku, da rana tsaka, mutum huɗu ko biyar tare, da sanin mai unguwa, wannan ba kasada ba ce. A kiyaye shukar mutane, a dubi inda ake sa ƙafa saboda kububuwa, shi ke nan.

Makarantu sukan kai yara rijiyar Kusugu su ji labarin Bayajida da Daurama da macijin nan, su leƙa su sha ruwa. Madalla. Me zai hana wata rana a taka da su zuwa Tsohon Birni, inda tarihi ya ce nan sarauta take kafin Daurama ta komo da ita Daura, a tafi da wani tsohon maharbi ko makiyayi yana nuna musu itatuwa a hanya? Nan ne wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci yake da aikin da ba mai yi sai shi. Ya iya rubutu, bai kuwa manta da dawa ba kamar ɗan da ya tashi a benci. Littafin rubutu ɗaya ya ishe shi. Ya rubuta ranar da shamuwa ta sauka bana, da ranar ruwan shuka, da yawan gawon da ke tsakanin garinsu da na gaba, da sunan kowane haki da maganin da yake yi, kamar yadda tsofaffi suka faɗa. Baɗi ya sāke ƙirgawa. In gawo arba'in ya koma talatin, yana da abin da zai ajiye gaban dagaci, da lamba da kwanan wata. Tsofaffin da suka san sunayen nan suna nan a Sandamu da Zango da Ɓaure, zaune a gindin bedi a ƙofar gida, har yanzu ba wanda ya zo da alƙalami ya tambaye su.