'Ya'yan Nasko Da Karatun Akanta

Nasko, hedkwatar ƙaramar hukumar Magama a ƙasar Kontagora, gari ne na noma da fatauci. Mutanen wannan yanki suna cikin 'yan Arewa masu kai hatsi da dabbobi kasuwar Mile 12 a Ikko da ta Bodija a Badun. Kuɗi suna shiga hannunsu ba laifi. Amma ran da ma'aikatan haraji suka zo, ko banki ya ce a kawo lissafin shekara kafin ya ba da rance, sai a ga alhaji yana yawon neman akanta na haya, alhali kuwa ga ɗansa mai digiri a bakin rumfa yana ƙirga buhuna.

Wannan hasara ce. Yaron da ya gama digirin farko a fannin akanta ya kamata a bar shi ya nemi na biyu, kuma makarantun ba nisa gare su ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ta daɗe tana koyar da wannan fanni. Ga ta Bayero a Kano, ga ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Yawanci ana neman digiri mai daraja ta biyu, da takardar gama yi wa ƙasa hidima, da nasara a darussa biyar na sakandare, har da Ingilishi da lissafi. Mai babbar difloma ta HND, shi sai ya fara da difloma ta gaba da digiri ta shekara guda tukuna.

Inda masu nema suka fi faɗuwa shi ne takardar sakamakon jarrabawa ta shekara-shekara, wadda tsohuwar makarantar ɗalibi ce kaɗai ke aika wa sabuwar. Takan yi watanni a ofis. Yaro yana Ikko yana tsaron kaya, ya cika fom ya zauna jira, har a rufe ɗaukar ɗalibai takardar ba ta isa ba. Kuɗin fom ya tafi, shekara ta tafi. Lallai ne uba ya sallami yaron ya je ya bi ta da ƙafarsa tun kafin a fara sayar da fom, ko da rumfa za ta yi mako biyu babu shi.

Haka kuma iyaye su sani digiri na biyu ba shi ke ba mutum ikon sa hannu a lissafin kamfani ba. Wannan sai an bi ta ƙungiyar ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, ko ANAN mai kwaleji kusa da Jos. Akintola Williams, ɗan Nijeriya na farko da ya zama ƙwararren akanta, ya samu tasa shaidar a Ingila tun 1949. Ƙungiyoyin 'yan ƙasar Kontagora mazauna kudu suna iya ɗaukar nauyin kuɗin waɗannan jarrabawa ga yaro ɗaya ko biyu kowace shekara, daga asusun da suke tarawa a taronsu na wata-wata.