Masu cewa C ya mutu, ku matso kusa

1/ Kullum sai wani ya hau nan yana cewa wai koyon C ɓata lokaci ne, kowa ya kama Python. Haba jama'a! Bari in ba ku labarin injin da ya koya min hankali. 🧵

2/ IBM ta fito da AS/400 a 1988, yau IBM i ake ce masa. Yaren gidansa RPG ne, wanda ya samo asali tun 1959. Da RPG IV, wanda ya zo a 1994, kana iya kiran ayyukan laburaren C kai tsaye: open, read, write, qsort. Ka bayyana aikin da EXTPROC, shi ke nan.

3/ Ga tarkon: wajen haɗa shirin, suna kaɗai ake dubawa. Ba mai tambayarka ko abin da ka miƙa shi ne abin da C ke jira.

4/ RPG adireshin abu yake miƙawa, C kuma ainihin lambar yake so. Ka manta kalmar VALUE, sai C ya ɗauki adireshi a matsayin lamba. Kompaila kuwa ko tari ba zai yi ba.

5/ Rubutu ma haka. C bai san tsawonsa ba, karantawa yake har sai ya tarar da sifili. Ba ka sa OPTIONS(*STRING) ba, ya zarce cikin ma'ajiya yana kwasar abin da ba nasa ba.

6/ Lokacin SIWES ɗina na kwafo bayanin open ban fahimce shi ba. Na manta %trim, RPG kuma cike ragowar fili yake da sarari. Fayil ɗin rahoto ya fito da sarari jere a bayan sunansa. Kwana biyu ana nema, oga na zare min ido. Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage.

7/ Kar ka ce wannan matsalar tsohon inji ce. Python ɗin da kake taƙama da shi da C aka rubuta shi, haka ma zuciyar NumPy. Ranar da ka taɓa ctypes, ramin nan dai zai jira ka.

8/ Ban ce kowa ya zama gwanin C ba. Amma ka san adireshi, ka san inda rubutu ke ƙarewa, ka san girman lambar da kake miƙawa. Mai kwafa ba fahimta, ranar da abu ya lalace shi za a fara kira, kuma ba shi da amsa.

9/ Mai ja, bismillah, ina nan.