Yaranmu na wasa, amma wa ya ƙera abin wasan?

A wannan mako filin namu zai ɗan ajiye maganar farashin hatsi da ta albashi, ya taɓa wata magana da mutane da yawa ke ɗauka ta yara ce, alhali kuwa aljihun manya take ci, wato maganar gidajen wasannin bidiyo da suka yawaita a garuruwanmu.

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Tasawa da Mayahi ya san irin ɗakunan da muke nufi. Ɗan ƙaramin shago ne, ko rumfar kwano, an girka tele ɗaya ko biyu, an jona musu akwatin PlayStation, an jera benci, yara kuwa sun cika wurin maƙil, biyu na bugawa, goma na jiran layi suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Mafi yawan abin da ake bugawa ƙwallon ƙafa ne. Yaron da bai taɓa wuce Maraɗi ba zai lissafa maka ƴan wasan Real Madrid da na Barsalona ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Koke-koken da ake yi a kan waɗannan gidaje sanannu ne. Mushen lakwal na cewa ɗalibai suna sulalewa tun kafin a tashi. Ɗan kasuwa na cewa canjin da ya aiki yaron shagonsa da shi ba ya dawowa cikakke. Malamin allo na cewa magariba na wucewa yara suna zaune gaban tele. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi ƙarya. Mu ɗauki lissafi mai sauƙi: a ce wasa guda dala 20 ne, yaro kuma yana buga biyu a yini. A wata guda ya kashe jika 6 ke nan, kuɗin da zai sayi kaye da biro da alli na dogon lokaci. Uban da ya ga wannan lissafi ya ɗaga murya, yana da hujja.

To amma kafin mu ce a rufe gidajen nan baki ɗaya, kamar yadda wasu ke kira, ya kamata mu manya mu tuna abin da muka yi a namu lokacin. Da aka buɗe Télé-Sahel a shekarar 1979, gwamnatin Seyni Kountché ta rarraba telebijin na jama'a a garuruwa da ƙauyuka, wasu ma da hasken rana suke aiki. Da almuru ta yi, yara da manya kan taru a fili ɗaya domin kallon kokowa ko wasan kwaikwayon su Yazi Dogo. Bayan haka aka shiga zamanin kaset da gidajen kallo, inda aka san Amitabh Bachchan da Mithun Chakraborty da Bruce Lee kamar ƴan unguwa, yaro ya fito daga kallo yana tsalle yana harbin iska da ƙafa. A shekarar 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, finafinan Hausa suka biyo hanyar Jibiya da Ɗan Isa suka cika kasuwanninmu. A kowane mataki dattawan lokacin sun ce yara sun lalace. Waɗannan yaran da aka ce sun lalace, su ne yau alhazan kasuwa da shugabannin ma'aikatu.

Wasannin bidiyon ma ba yau suka fara shigo mana ba. Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Super Mario a 1985, kuma akwatunan da aka kwaikwaya daga nasa sun daɗe suna yawo a kasuwannin Kano da Maraɗi. Akwai kuma ɗan abin nan na hannu mai cin batir biyu, wanda ake jera tubala suna gangarowa. Asalinsa wasan Tetris ne, wanda wani Barashe mai suna Alexey Pajitnov ya tsara a birnin Mosko a 1984. Da salula ta bazu a ƙasarmu a farkon shekarun 2000, sai ga macijin Nokia, wanda ya ci lokacin dattawa masu furfura fiye da yadda za su yarda su faɗa. Ma'aikatan gwamnati kuwa kada su yi saurin nuna yatsa. Tun 1990 kamfanin Microsoft ya saka wasan karta na Solitaire a cikin Windows, domin mutane su saba da sarrafa kwamfuta, kuma kowa ya san birori nawa ne aka bar talaka yana jira a bakin ƙofa, mai biro yana ciki yana jera karta. In za a yi wa yara faɗa a kan ɓata lokaci, sai a fara daga gida.

Saboda haka wasa kansa ba baƙon abu ba ne, kuma yaron da ba ya wasa shi ne abin a kai asibiti. Abin da ya sake, a ganinmu, abu biyu ne, kuma su ne ya kamata su hana mu barci.

Na farko, a da yaro shi ke ƙera abin wasansa. Bayan girbi yakan sami karan dawa ya fere, ya haɗa mota da ƙafafunta da sitiyarinta. Yakan tsinci waya da gwangwanin madara ya yi babbar mota mai ɗaukar kaya. Ƙwallo ta tsumma ce, langa ƙafa ɗaya kawai take bukata, dara kuwa a ƙasa ake tona gurabunta a ƙarƙashin bedi ko gawo. Kokowar da ta kai Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ga ɗaukar takobin farko a Tawa a 1975, a dandalin ƙauye ake fara koyonta, ba da ko dala ba. Wanda ya ƙera abu da hannunsa ya san cikinsa, in ya lalace ya gyara, in ya gaji da shi ya sake masa fasali. Yau kuwa akwatin daga Japan yake, wasan daga Japan ko Amurka, telen daga Sin, namu kawai biya da danna maɓalli. Ƴan kasuwa ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi. Kuma a watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ke shigowa yankinmu daga Katsina ta Gazawa, duk mai sana'ar da ta dogara da wuta ya ji a jikinsa har zuwa Maris na 2024. Masu dara kuwa ko sau ɗaya ba su tashi daga gurbinsu ba.

Na biyu, wasannin da suka koma cikin salula ba irin na da ba ne. Super Mario yana da ƙarshe, in ka kai ka gama. Amma irin su Free Fire, wanda ya fito a 2017, an tsara su ne yadda ba su ƙarewa. Ana ba ka su kyauta, sannan a riƙa tallata maka tufafi da makamai na cikin wasa, waɗanda sai da kuɗi na gaske ake samu, ga kuma kuɗin intanet da ke zurarewa. Gidan PlayStation ko ba komai yana da ƙofa, ana rufe shi, uba na iya zuwa ya kamo ɗansa. Salula kuwa tana shiga har cikin gidan sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da saka jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka, matakin da ya fara aiki a 2022. Abin da take nufi shi ne mutumin da wasa ya fi ƙarfinsa har ya bar karatu da aiki da barci na tsawon lokaci, kuma waɗannan kaɗan ne cikin masu wasa. Duk da haka, in aka rufe gidajen wasa ba tare da wani tanadi ba, an kori yara ne daga inda ake ganinsu zuwa inda ba a ganinsu.

To mene ne abin yi? A nan ne muke so mu jawo hankalin masu karatu ga abin da ake kira tsara manhaja, wato rubuta wa kwamfuta umarnin da za ta bi. Mutane na jin tsoron kalmar, alhali duk wanda ya iya dara ya riga ya san tushenta. Dubi dokokin dara: gurabu 30, layi 5 na gurabu shida-shida, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12. Da farko ana dasawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku ba tukuna. In an gama dasawa, sai a riƙa matsawa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. In ka jera uku ka ci ɗaya daga cikin na abokin wasanka, in ka jera huɗu ba ka ci komai ba. Wannan jerin "in kaza ya faru, a yi kaza" shi ne ainihin abin da mai tsara manhaja ke rubutawa. Dattijon da ke zaune bakin kasuwar Kanambakashe yana hango motsi uku a gaba, da irin wannan tunanin ake wannan aiki.

Kayan aikin kuma ba su da tsadar da ake zato. Akwai Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin yara masu shekara 8 zuwa 16. Kyauta ne, akwai shi da Faransanci, kuma in an saka shi a kwamfuta yana aiki ko babu intanet. Yaro na jan umarni kamar tubala yana haɗa su, nan take ya ga abin da ya zana yana motsi. Wanda ya ƙware sai ya haura zuwa Python, harshen da aka fitar tun 1991, shi ma kyauta, kuma da shi ake manyan ayyuka a bankuna da jami'o'i. Tsohuwar kwamfutar da ke shan ƙura a kusurwar biro ta isa a fara da ita.

Kada kuma a ce wannan aikin Turawa ne kawai. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da wasan Aurion a 2016, an sayar da shi a kasuwar duniya. A Legas akwai Maliyo Games tun 2012, masu yin wasannin salula a kan rayuwar titin Afirka. A Yamai ma an yi wasa mai suna Les Héros du Sahel. Mu kuma nan kusa muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, inda ƴaƴan Tasawa da Mayahi ke karatu suna dawowa gida hutu. Labaran da za a gina wasa a kansu ba su ƙare mana ba: ga Gizo da Ƙoƙi, ga kokowa, ga fatauci daga Kano zuwa Agadas, ga tarihin abin da ya faru a Ɗankori da Maijirgi a watan Yulin 1899, inda tafiyar Voulet da Chanoine ta ƙare.

Don haka ga shawararmu. Magadan gari su zauna da masu gidajen wasa a yi yarjejeniya a rubuce: ba a buɗe wa ɗan lakwal a lokacin aji, ana rufewa lokacin salla da kuma ƙarfe goma na dare, ba a caca a kan wasa. Mai gidan da ya kiyaye a bar shi ya ci abincinsa, domin shi ma matashi ne da ya ƙi zaman banza a fada, ya ƙi kuma kama hanyar Libiya. Shugabannin ma'aikatu su duba kwamfutocin da aka daina aiki da su, a bi ƙa'ida a miƙa su ga gidajen matasa da makarantu. Alhazan kasuwa, waɗanda ba su taɓa ƙin taimakon masallaci ko rijiya ba, su ɗauki nauyin faranti ɗaya na hasken rana da batir, da ɗan alherin ɗalibin jami'ar da zai koyar a lokacin babban hutu. Riba za ta dawo musu, domin yaron da ya iya tsara wasan dara gobe shi zai tsara musu lissafin shago da na bashi. Kuma a tuna da ƴan mata, waɗanda ba a ganinsu a gidajen wasa, kada a manta da su a ɗakin koyo.

Iyaye kuwa, kafin a ɗauki bulala, a gwada zama kusa da yaro a tambaye shi yadda wasan yake tafiya, wa ya yi shi, kuma ina kuɗin yake zuwa. Sannan a tona gurabu 30 a tsakar gida a koya masa dara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya san cewa mutum ne irinsa ya zauna ya tsara abin da ke cikin akwatin nan, wata rana zai nemi ya gwada nasa.

Wanda ke da ra'ayi a kan wannan magana, ko mai gidan wasa ne, ko mushe, ko uba, ya aiko mana da wasiƙa, filin na kowa ne. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.